Kaset Ɗin da Malam Ya Ƙona

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta wata Juma'a a gidanmu na Daura ba, ranar da wani ɗan akwati da bai fi sandar sabulu girma ba ya kwance wa maigidana zani a kasuwa.

Malam, haka nake kiransa, mutum ne mai son kayan sauti tun yana saurayi. A kasuwar Mai'adua ya sayo wata amfilifaya ta gwanjo, na'urar ƙara sauti mai nauyin dutsen niƙa, da sifiku biyu kowace kamar buhun gero. Aibinta ɗaya: ba ta da wurin rage murya. Da an jona mata rikoda sai ta buɗe baki gaba ɗaya, har kwanukan jeren ɗakina su kama rawa. Sai ya tafi Kano takanas ya dawo da ɗan akwatin nan. Ba ya cin wuta, ba ya cin batir, ko 'yar fitila babu a jikinsa, sai abin murɗawa guda ɗaya tal. Tsakanin rikoda da amfilifaya ake saka shi, aikinsa kawai ya rage ƙara.

Na ce, "Malam, yanzu har Kano ka je ka sayo abin da ba ya ƙarawa sai ragewa?"

Ya ce, "Ke ba za ki gane ba. Wannan ba ya gurɓata sauti. Yadda abu ya shiga cikinsa haka yake fitowa, ba ƙari ba ƙarya."

Da ya san abin da bakinsa ya faɗa, da ya yi shiru.

Da aka kawo Shari'a duk mun yi murna, amma murnar Malam ta fi ta kowa amo. Gemu ya sauko, wando ya hau. Kullum da hantsi sai ya buɗe tagar ɗakinsa da ke kallon titi, ya sa kaset ɗin wa'azi, ya murɗe akwatin har ƙarshe. Mai jego da mai ciwon kai duk sai haƙuri, don wa zai fito ya ce wa'azi ya dame shi? Ana cikin haka aka ce za a kafa kwamitin gyaran tarbiyya a unguwa, ana neman shugaba. Tun daga ranar Malam ya daina barci mai nauyi.

Kuma da ni ya fara gyaran. Ina da kaset ɗin bikina, wanda aka ɗauka a gidanmu na Baure, mata suna kiɗan ƙwarya. A tsakiyarsa akwai inda Innata ta karɓi waƙa ta rangaɗa guɗa. Shekara ba ta zagayo ba ta rasu, kuma ko hotonta ba ni da shi. Muryar nan ita ce duk abin da ya rage mini nata. Malam ya shigo ya ɗauke shi daga cikin adakata.

Na ce, "Malam, don girman Allah, muryar Inna ce a ciki."

Ya ce, "Addini ba ya duba wannan."

Da yamma ya tara takardu a ƙofar gida ya cinna wuta, duk wanda ya zo wucewa ya tsayar da shi ya yi masa bayani. Ni daga tsakar gida hayaƙin kawai na gani. Na yi kuka kamar ranar ta rasu, na kuma daɗe ina ajiye masa tuwo ba tare da na dubi fuskarsa ba.

Bayan nan sai ya tsiri shiga ɗaki ya kulle, wai yana nazarin littattafai, kar a dame shi. In na kasa kunne ba na jin komai sai ɗan zuu kamar kukan sauro. Ni baiwar Allah, na ɗauka karatu yake yi a ciki.

Ranar Juma'ar nan ma yana ciki da hantsi sai Nepa suka ɗauke wuta. Daga baya na haɗa yadda aka yi. Da sauti ya mutu, Malam ya yi abin da kowa ke yi: ya murɗe akwatin har ƙarshe, a zatonsa waya ce ta saki. Da ya ga fanka ta tsaya sai ya ja tsaki, ya datse ɗakin da kwaɗo ya tafi masallaci. Rikoda tana nan a danne yadda ya bar ta, shi kuwa akwatin ba shi da fitilar da za ta tuna maka inda ka bar shi.

Bayan la'asar dattawan unguwa suka zo, liman da mai unguwa da wasu, a kan maganar shugabancin. Aka shimfiɗa musu tabarma daidai ƙarƙashin tagar nan, aka kai musu fura. Ina tsakar gida ina ninke babbar rigar da ya cire bayan masallaci, ina jiyo shi ta zaure yana gyaran murya.

"Ni ai gyara daga gidana na faro. Kaset ɗin bikin iyalina ma da hannuna na ƙona shi, sai da ya zama toka."

Bai rufe baki ba yaran titi suka ɗauki ihu, "Nepa!"

Jama'a, ƙwarya ta tashi. Ba irin tashin da kuka sani ba. Taga ta kama kakkarwa, awakin maƙwabta suka watse, an ce mai unguwa sai da ya kifar da furarsa a cinya. Kuma ba wanda zai yi musun kaset ɗin wa ne, don matan Baure suna ta wasa ango, suna kiran sunansa da na ubansa, har da kirarin dogo mai tafiyar ƙasaita.

Malam ya faɗo gida a guje, takalmi ɗaya a ƙafa. Ya cakumi kwaɗo, ya lalubi aljihu, wayam. Ya juyo yana zare ido.

"Ke! Ina makulli?"

Makullin yana tafin hannuna, yanzun nan na ciro shi daga aljihun rigar. Amma na san kaset ɗina kamar yunwar cikina, na san saura ƙiris a zo wurin waƙar Inna.

Na ce, "Me ka ce, Malam? Ƙarar ta yi yawa, ba na jin ka."

Sai Inna ta karɓi waƙa. Muryarta ta cika gidan, ta haye katanga, ta cika unguwa, tsaf kamar tana tsaye bakin murhu. Gaskiyar Malam ce, akwatin nan ba ya gurɓata komai. Na zauna a kan turmi hawaye na zuba ina dariya. Sai da ta rangaɗa guɗarta ta dire, sannan na miƙa masa makulli.

Da ya kashe ya koma waje, an ce sai liman ya kaɗe rigarsa ya miƙe ya ce, "Malam, ashe a gidanka toka ma guɗa take yi."

Shugabanci dai wani aka ba. Washegari na tarar da kaset ɗina a kan gado. Da na tambaye shi daga baya me yake ji a ciki, sai ya sunkuyar da kai ya ce wai ƙwaryar tana fita da kyau a sifikun.

Abin da na koya ranar shi ne, rage wa abu murya ba kashe shi ba ne, kuma wanda ya fi kowa ɗaga murya a waje, a duba abin da yake ji a hankali in ya kulle ƙofa. Akwatin yana nan har gobe, sai dai yanzu a ɗakina yake, kuma ni nake murɗawa.