Ruwan da Na Hana Matuƙi Sha

Injinan ban-ruwa arba'in ke jirana a Yola. Mai su ya aiko cewa in ban sa hannu kafin la'asar ɗin Alhamis ba, zai ba wani ɗan Kano. Saƙon ya same ni Laraba da yamma, azumi ya kai sha bakwai, ga wahalar mai, mota ba za ta kai ni ba. Na samu kujera biyu a ƙaramin jirgin wani kamfanin gine-gine da zai kai injiniyansu can.

Muna idar da sallar asuba muka bar Ƙofar Galadima a Zariya, ni da ƙanena. Ta unguwar Kongo muka bi, motoci sun kwana a layin mai har bakin titi, direbobi na barci a kan boneti. Bakwai ba ta yi ba muna filin jirgi.

Nan zama ya kama mu. Man jirgin ma bai iso ba. Na zauna, na miƙe, na zagaya jirgin ya fi sau goma, har na haddace lambar da ke jikinsa. Kujera huɗu gare shi, akori-kurar da nake dakon kaya da ita ta fi shi faɗi. Sai da rana ta take tankar mai ta shigo, kwalta har tana kama takalmi.

Matuƙin ashe ɗan unguwarmu ne, a zauren kakansa na yi karatun allo. Jiya ya dawo daga Ikko, ya makara bai yi sahur ba. Da za mu hau sai na ga ya ɗauko gorar ruwa.

"Kyaftin, me zan gani haka?"

"Baba, matafiyi nake, kuma sama ba kamar ƙasa ba ce. Iska ta fi ƙaranci, jiki na bushewa, kai na yin nauyi."

"Jikan Malam guda, tafiyar awa biyu? Ni da furfurata ban sha ba."

Ya sunkuyar da kai, ya mayar da gorar ƙarƙashin kujera. A lokacin gani nake na gyara yaro.

Daga sama ganuwar Zariya kamar zaren da aka yar, gonaki duk sun yi fari. Ban more kallon ba, agogona nake dubawa. Cikin jirgin kamar tanda, yana ɗaga mu yana saki, ƙanena ya rufe ido yana ta salati.

Ban san komai a tuƙin jirgi ba, amma shekara ashirin ina karanta fuskar mutane a ciniki. Bayan kamar awa ɗaya na lura Kyaftin ya daina gumi. An yi masa magana ta rediyo, ya sa aka maimaita har sau biyu. Ya kafa wa ɗaya daga agogunan jirgin ido, fiffike ɗaya na ta yin ƙasa bai gyara ba, sai da injiniyan ya taɓa kafaɗarsa.

Na san in na ce ya sha, kunyata za ta hana shi. Na sunkuya na jawo gorar, na kafa kai na sha a gabansa, sannan na miƙa.

"Na karya nawa. Karɓi."

Ya shanye ta tas. Injiniyan ya ba shi dabino. Can Kyaftin ya ce, "Baba, idona bai gama washewa ba. Bauci zan sauka."

Agogona ya nuna biyu da rabi. Bakina ya buɗe zai yi ciniki, na rufe shi.

A Bauci ya kwanta a benci, likitan da aka kira ya hana shi tashi sai gobe. Na nemi waya na buga Yola, aka ce ɗan Kano ya riga ya fara lodi. Da magariba na sayi masa da miyar taushe, Naira biyu, muka ci tare. Ni ma ban ji kunyar zama cikin masu buɗa-baki ba.

Juma'a na biyo motar haya ta Jos da Saminaka, ramukan hanya suka rama wa jirgi. Na iso gida mai ɗakina na tambaya ina injina.

Ga yadda tafiyar ta tashi: injina arba'in sun tafi Kano, ramuwar azumi ɗaya a kaina, ɗaya a kan Kyaftin. Mu huɗu muka hau jirgin, mu huɗu muka sauka. Bayan Sallah na je gidan su Kyaftin na ba shi haƙuri a gaban mahaifinsa.