Gishirin Hajja

A shekarun da dokar hana fita ke kora mu gida tun kafin magariba, Hajja ce rediyonmu a Gamboru. Ba a kawo wuta, don haka da an sauke tuwo sai ta ja tabarmarta kusa da murhu, yaran gida su kewaye ta. In ƙarar bindiga ta taso daga bayan gari, ɗaga murya kawai take yi.

Ni ba jikarta ba ce. Ya Zara, matar ɗanta Baba Adam, ita ta tsince ni a hanyar Konduga ranar da kowa ya gudu. Shekarata takwas, iyayena duka sun rasu. Ta riƙe hannuna, ba ta sake ni ba sai a tsakar gidan nan.

Hajja a cikin shanu ta tashi, kuma bakinta ba linzami. Jikokinta sun sha shi. "Kai mai kan tulu, matsa, ka tare min wuta!" "Ke mummuna, wa zai kwashe ki?" Su ma su rama, su ce tsohuwa ba haƙori sai son nama, a yi ta dariya. Haka jika da kaka suke. Amma in ta juyo kaina sai muryarta ta yi laushi: "Sannu Bintu, kin ƙoshi?" Wannan sannun ta fi mari ciwo a wurina. Baƙo ake yi wa ita, baƙo kuwa tafiya yake yi.

Tafiyar kuwa ta zo. Cinikin shanun Baba Adam ya tsaya cik, ga dangi sun gudo sun cika gida. Na ji yana gaya wa Ya Zara cewa ranar Juma'a zai kai ni sansanin 'yan gudun hijira, can aƙalla ana raba abinci. Ko a lokacin ban ga laifinsa ba, mutumin duk ya rame. Amma na ƙudura a raina babu inda za ni.

Ana saura kwana biyu Hajja ta ce, "Ku miƙo kunnuwa in zuba muku." Jikoki suka ce, "Zuba, tsohuwa!" Ta ba mu labarin wani ɗan maraƙi da kura ta cinye uwarsa. Ya bi shanun garke ɗaya bayan ɗaya, kowace ta harbe shi. Ya je wurin wata tsohuwa yana kuka, ita kuma ta shafa masa gishiri a gadon baya, ta tura shi gaban wata baƙar saniya, wadda ta fi kowace faɗa. Saniya ta sansana, ta lasa. Gishiri ya kawo ta, amma da ya ƙare ba ta daina lasa ba, har ta buɗe masa ƙafa ya sha nono. "Harshe ya riga ya san shi," in ji Hajja. "To, labari ya koma daji, mu muna gida."

Washegari da yamma na shiga ɗakinta na ɗebo gishiri cike da hannu, na jiƙa, na shafe kaina da shi. Da aka kewaye murhu na ratsa jikokin, na zauna daf da gwiwarta, na miƙa mata kai.

Ta taɓa, ta kai yatsa baki.

"La ilaha illallahu! Gishirina ne wannan? Ke ja'ira mai idon mujiya, ni ce baƙar saniyar?"

Na daure na ce, "Ke ce. Ai kin fi kowa faɗa."

Ta yi dariya har da tari, sannan na ga tana goge ido da bakin mayafi. Ta ɗaga murya: "Adam! Wannan ɓarauniyar gishirin jikata ce. Ka taɓa ganin an kai jika sansani kakarta na da rai? A raba tuwona biyu." Baba Adam ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Hajja." Juma'a ta zo ta wuce ina wanke-wanke.

Daga ranar ban sake jin sannu daga bakinta ba har ta koma ga Allah. Na girma ina ganin wautar yarinta ce kawai ta cece ni. Sai daga baya na fara tunanin ba banza ta zaɓi labarin nan ana saura kwana biyu ba. Wataƙila so take ta ga ko ni ma ina son su, kafin ta tsaya a gaban ɗanta.

Bara da masu neman aurena suka tambayi asalina, Baba Adam bai tsaya dogon bayani ba. Cewa ya yi, "Jikar Hajja ce." Ina bayan labule na ji shi, na yi kukan da ban yi ba tun hanyar Konduga. Har yau ban san sunan kakata ta jini ba, amma na san wadda ta zage ni.