Kunun Alhamis na Kawu Bala

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Kawu Bala a Ƙaura Namoda, sai ya saci kallon nasa tafin hannun daga baya. Yatsun Kawu kullum ruwan ɗorawa ne saboda kurkum. Safar hannu ɗaya tal gare shi a ɗakin gwajin abinci inda yake aikin bincike, ita ma yakan wanke ta ya adana don kada ta tsufa, ya yi aikinsa hannu tsirara.

Kun sha jin bayaninsa har kun gaji, na sani. Sinadarin da ke ba kurkum launi ba ya narkewa a ruwa, rana tana kashe shi, ga bauri a baki. Shi kuwa Kawu yana tsamo furotin daga waken suya, ya naɗe sinadarin cikin ƙwayoyin da ido ba ya gani, don a zuba a kunu ya gauraye ba a ji ba. Cewa yake yi yana ɗinka wa kurkum riga. Ranar da aka ɗauke wuta injin gaurayawa ya tsaya, wallahi maburgin matarsa ya aro, ya hana ta kaɗa miyar kuka kwana uku.

Taurin kansa ɗaya ne: ya rantse ba zai ce aikin ya kammala ba sai yayarsa, wato Innata, ta sha kunun ba ta ji baurin ba. Inna ta yi shekaru tana sayar da kunu a Shinkafi kafin idonta ya mutu, kuma harshenta bai taɓa kuskure ba. Abokan aikinsa suka yi ta roƙonsa ya rubuta sakamakon ya samu ƙarin girma. Ya ce musu na'ura ba ta da harshe.

Don haka duk Alhamis sai ya shiga motar kasuwa, hanya da lafiya ko babu lafiya, riƙe da kwalba a cikin baƙar safa don rana. Wata rana wani jami'in tsaro a shingen hanya ya tambaye shi abin da ke ciki. Kawu ya sauko ya fara darasi tun daga jiƙa wake. Fasinjoji suna zufa, direba yana salati, har jami'in ya haɗa shi da Allah ya wuce.

In ya iso, Inna takan kurɓa, ta yamutsa fuska.

"Da saura, Bala."

"Mi ya saura, Yaya?"

"Rigar taka ta yage."

Sai ya zauna kan tabarma su yi ta musu har la'asar, ya ci tuwo ya koma. Haka muka saba gani shekara da shekaru, muna yi musu dariya.

Ciwon kwana biyar ya ɗauke Kawu. Ina cikin masu yi masa wanka, kuma rawayar nan ba ta fita daga yatsunsa ba.

Ranar addu'ar bakwai Inna ta kira ni ɗaki, ta kama hannuna. Ta ce ta zalunci ƙanenta. Damina biyu ke nan ba ta jin komai a kunun nan sai gero da tsamiya. Tsoro ta ji, in ta ce ya yi, Alhamis ta ƙare, ba mai sake ratso wannan hanya don makauniya. Ta yi kuka, ta ce ya tafi yana ganin ya kasa.

Na tashi na fita, don ni ma na ji haushinta.

Sai da na je kwashe kayansa na buɗe littafin gwajinsa. Can tsakiya, kusa da wani tambarin yatsa rawaya, ya rubuta: "Aiki ya yi. Yaya ta shanye kofin tas kafin ta yamutsa fuska. Kada kowa ya gaya mata na gane."

Na saɓa masa, na je Shinkafi ranar Alhamis na karanta mata. Ta ce, "Ja'iri. Ashe tuwona yake zuwa ci."

Allah Ya jiƙan Kawu Bala, Ya haskaka kabarinsa. Ya ba ni ikon riƙe masa Alhamis ɗinsa.