Gemun da Aka Yi ta Askewa a Bangon Coci

Duk unguwar, Baba Buroshi ake ce masa, har jikokinsa ba su san yana da wani suna ba. Sana'arsa zane a bango da allo. Tun yana saurayi ya fara da allunan masu aski, inda yake jera kawunan maza kowanne da irin askinsa, daga nan ya koma bayan manyan motoci, ya cika hanyoyi da zakuna da gaggafa. Aibinsa ɗaya a sana'a, hannunsa bai iya ɓacin rai ba. Wani mai mota ya taɓa dawo masa da zaki, ya ce shi dabbar da za ta firgita ɓarayi ya nema, aka ba shi wadda kamar yanzu aka yi mata albishir. Baba Buroshi ya yi ta dariya har ya zauna a bokitin fenti.

Matarsa ta riga shi shiga coci da shekaru masu yawa. Shi sai da furfura ta gama cinye kansa aka yi masa baftisma, ya fito daga ruwa yana tari yana gaisawa da kowa. Amma akwai kalma ɗaya da ta tsaya masa a rai. Duk lokacin da aka ambaci zaɓaɓɓun Allah sai ya sunkuyar da kai, domin ya ɗauka wasu mutane ne na wata ƙasa masu dogon gemu, shi kuwa albarkacin matarsa aka bar shi yana leƙe ta taga. Bai taɓa faɗa wa kowa wannan ba.

Da aka gama ginin sabon cocin, bangon da ke bayan bagadi ya tsaya fari fat. Fasto ya kira shi ya ce, "Baba, bangon nan naka ne. Ka zana mana taron zaɓaɓɓu a gaban Ubangiji."

Baba Buroshi ya koma gida da gudu irin na tsofaffi, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Ya ɗaga matarsa daga kujera ya juya da ita tsakar ɗaki.

"Sauke ni, Baban yara, ƙuguna," in ji ta. "Wa ya haihu?"

"Bango, Mama. An ba ni bango guda."

Washegari ya ɗora katako a kan ganguna biyu, ya jingina tsani, ya fara da mutum ɗaya a tsakiya, dogo mai faɗin kafaɗa. Yana cikin fitar da hanci sai ga dattawan ikilisiya biyu sun shigo duba aiki. Ɗaya tsohon direban bas ne, ɗayan mai shagon magani. Direban ne ya auri ƙanwar mai maganin, kuma tun ranar auren ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba.

Direba ya ɗaga kai ya ce, "Ina gemunsa? Ai zaɓaɓɓu Yahudawa ne. Su aka yi wa alkawari, su ke da kujera. Mu a tsaye muke, riƙe da ƙarfen ƙofa, mu gode da aka ɗauke mu."

Baba Buroshi ya tsoma buroshi a baƙi, ya sauko wa mutumin da gemu har ƙirji. Gemu ne mai kyau, shi kansa ya tsaya yana kallo.

Da rana mai magani ya dawo shi kaɗai. "Baba, kada ka bi maganar mijin ƙanwata, ya shekara yana shaƙar hayaƙin mota. An kira Yahudawa sun ƙi, aka karɓe aka ba mu, mu Al'ummai da ba Yahudawa ba. Zamaninsu ya wuce. Aske shi."

Baba Buroshi ya jiƙa tsumma da kananzir ya aske shi.

Haka aka yi ta yi. Safiya ta direba ce, mutumin ya tsiro gemu. Yamma ta mai magani ce, a yi masa aski tas. Matan da ke sharar coci suka riƙa zuwa da wuri don su ga a wane hali za su tarar da shi, suna tambayar Baba ko ya koma aikin masu aski ne. Shi ma yana taya su dariya, har ya fara gaishe da mutumin bangon kowace safiya, yana ce masa, "Yi haƙuri, ɗan'uwa, yau ma da reza na zo." Haɓar bawan Allah ta yi ja saboda guga.

Sai wata yamma, tsumma na hannunsa, dariyar ta ɗauke. Ya zauna a kan katakon ƙafafunsa na lilo, ya yi ta juya maganar. Idan direba ke da gaskiya, to shi Baba Buroshi ba ya cikin taron, kamar yadda ya daɗe yana zato. Idan kuwa mai magani ne, abin ya fi muni, domin ke nan Allah yana zaɓen mutum sannan ya goge shi. Wanda ya goge mutanen da ya sani tun kakanninsu, me zai hana shi goge tsohon da ya shigo jiya? Ya sauko bai ko rufe gwangwanayen fenti ba, ya tarar da Fasto a bayan coci yana gyaran sarƙar kekensa.

"Fasto, ka gaya mini gaskiya. Taron zaɓaɓɓun nan, da su Yahudawa ne ko da mu? Ni ba don bangon nake tambaya ba."

Fasto ya goge hannunsa ya dube shi. "Baba, mahaifiyar Almasihu wace ce? Bayahudiya. Manzannin da suka kawo mana labarinsa fa? Yahudawa ne gaba ɗayansu. In ka aske su duka, wa zai rage ya gaya mana? Allah ba ya janye alkawarinsa."

"To mu fa?"

"Tun ranar da aka yi wa kakansu na farko alkawarin, an ce dukan kabilun duniya za su sami albarka ta wurinsa. Ba daga baya aka tuna da mu ba. Zaɓen na alheri ne, ba na jini ba, kuma ƙofar ɗaya ce ga su da mu, wato Almasihu. Yadda zai ƙare da sauran da ba su gaskata ba tukuna, masana sun daɗe suna muhawara, ni kam ban sani ba. Amma bangonka, da su da mu. Kada ma ka ja layi a tsakani."

Baba Buroshi ya rungume Fasto, ya bar masa shatin hannaye biyu shuɗaye a bayan riga.

Daga ranar aiki ya kama kamar wuta. Yana hawa tsani da waƙa, yana sauka da rawa. Ya mayar wa mutumin tsakiya gemunsa, ya yi masa alkawarin ba mai sake taɓawa. Da yake bai taɓa ganin Bayahude ido da ido ba, sai ya riƙa aron fuskoki a titi. Mai walda ya zama annabi. Mai wankin mota ya sami rawani da sanda. Direba ya shigo wata safiya tare da mai magani, ya ga kansa da gemu har cibiya, hannunsa a wuyan mai magani, su biyun suna washe baki.

"Wa ya ce ka haɗa ni da wannan?" in ji mai magani.

"Ba ni na haɗa ku ba, Dattijo. Ku kai ƙara sama."

Kafin a ankara bango ya cika maƙil. Ya sa masu shara, ya sa baƙaƙe da farare da jajaye, ya sa matarsa a sahun gaba da ɗankwalinta mai ruwan goro, ya rage mata shekaru ba tare da ta roƙa ba. Ranar da ya ce ya gama, ta zo ta tsaya tana bin fuskokin da yatsa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ta sake bi.

"Baban yara, kai kana ina?"

"Ni ai mai zane ne," ya ce, yana wanke buroshin da ya riga ya wanke. "Kuma wuri ya ƙare."

"Ka sa mai wankin mota, wanda ya taɓa sace maka tsani, ka ce wuri ya ƙare? Fasto ya ce da mu. Kai ba mu ba ne?"

Ya ci gaba da wanke buroshin. Ta buɗe jakarta ta ciro ɗan madubin da take gyaran kwalli da shi, ta ɗaga masa saitin fuska. "Hau. Zan riƙe maka."

Ya hau. Ya duba sama da ƙasa, bai sami fili ba sai wata 'yar tazara ƙarƙashin gwiwar hannun wani Bayahude mai ƙiba, wadda ba ta kai tafin hannu ba. A nan ya fara. Ya dubi madubi ya ja goshi, ya sake duba ya ja giɓin haƙoransa. Kunne ɗaya ne ya samu shiga, ɗayan ya ɓuya a rigar Bayahuden.

"Ka rage hancin," in ji matarsa daga ƙasa.

"Da shi aka zaɓe ni, Mama, da shi zan shiga."

Dariya ta kama shi a kan tsanin har ya fara tangaɗi, ta yar da madubin ta riƙe masa ƙafa tana masa faɗa tana dariya. Ya miƙa hannu ya ɗiga wa idon ɗigon fari na ƙarshe, sannan ya sauko a hankali, ya zauna a bencin gaba, wurin da bai taɓa zama ba, ya ce ta zo ta nuna masa inda yake.