Raliatou da Tafkin Kanwa

Shekara goma sha tara Raliatou ta yi tana raba wa yara abinci a wata lakwal, wato makaranta, da ke Rillieux-la-Pape, arewa da Lyon. Ba ta da yawan magana sai an taɓo garinsu, wanda ke bakin wani tafki a ƙasar Damagaram. Matan gidansu ke kwasar kanwa a wurin tun kaka da kakanni, kuma uwarta ce ke fara sa ƙafa a ruwan kowace shekara.

Bara ƙanwarta Zakiyya ta aiko mata saƙon murya daga gida. Ta ce wata ƙungiyar kare muhalli ta Paris za ta riƙe tafkin tare da mutanen gari, saboda tsuntsayen da ke sauka can daga Turai. An ce za a hana kwasar kanwa shekara biyar. Wanda zai sa hannu a madadin gari kuwa Affan ne, ɗan garinsu mai tuƙin tasi a Stains kusa da Paris, wanda ko ƙwarya ɗaya ta kanwa ba a taɓa kwasa a gidansu ba.

Raliatou ta nemi hutun kwana ɗaya, ta hau jirgin ƙasa zuwa Paris. Ta tarar da Affan da shugabannin a biron ƙungiyar, takarda shimfiɗe a kan tebur. Ba ta gaida Affan ba. Shugabar ƙungiyar ta tarbe ta da fara'a, ta nuna mata hotuna: ruwa ya ja baya, ciyawar bakin tafki ta ƙare. Raliatou ta san gaskiya ne, don ta gani da idonta zuwanta na ƙarshe. Sai ta tambaya mace nawa aka ji ta bakinsu cikin masu shiga ruwan. Shugabar ta dubi Affan.

"Yaya, kin bar garin tun ina yaro," in ji Affan da Hausa. "Me ya rage miki a can?"

"Uwata tana can. Kai me ka taɓa rasawa a ruwan nan da za ka bayar da shi?"

Ta juya ga shugabar, ta gaya mata da Faransanci cewa in aka sa hannu yau, matan gidansu za su shiga ruwan ranar da suka saba.

Ba a sa hannu ba. Bayan wata uku ƙungiyar ta koma wani tafkin, ta tafi da alkawarin rijiya da dashen itatuwa da ta yi wa garin. Rabin gari suka ɗora wa Raliatou laifi, har kawunta ya daina ɗaukar wayarta. Affan ya bi 'yan garin da ke Faransa yana cewa hassada ce ta kai ta Paris.

Ita da Affan sun haɗu a wani bikin suna a La Courneuve, gefen Paris, cikin watan jiya. Ya shigo falon, ita kuma ta ɗauki farantinta ta koma kicin, can ta ƙarasa cin abincinta a tsaye.