Hoton da Ban Ɗauke Ka Ba, Baba Evaristo

Da hantsin ranar Talata, shida ga watan Mayu, Allah ya karɓi ran surukina, Don Evaristo Calfunao, a gidansa da ke garin Trevelin, bayan ciwon zuciya da ya daɗe yana ɓoye mana. Ni ce Araceli, matar ɗansa Lisandro.

Baba, kai ne mutum na farko a gidan nan da bai ga laifin karatuna ba. Duk sanda ka kai itace birnin Esquel sai ka dawo mini da tsofaffin littattafan soyayya a ƙarƙashin kujerar akori-kurarka, suna warin man dizal. Idan ka tarar da ni ina share hawaye a kan littafi, sai ka ce, "Amarya, yau kuma wa ya mutu, saurayin ko budurwar?" Ranar da na ƙona tukunyar wake saboda babi na ƙarshe, kai ka cinye ƙanzon kana rantsuwa wai haka kake son sa. Kyamarar da nake taƙama da ita ma, ɗan maraƙinka ka sayar ka saya mini.

A tsakiyar Afrilu ka ce in zo mu hau dutse, ganyen itatuwan lenga ya rine saboda gabatowar sanyi. Lisandro yana wurin aiki, sai muka tafi mu biyu. Na ga ka yi aski, ka sa farar riga da jan ƙyallen wuya na zuwa coci, amma ban tambayi dalili ba. Hankalina yana kan hanya. Gangaren duk ya yi ja da ruwan ɗorawa kamar an kunna masa wuta, kana tuƙi a hankali, ina zuba maka shayin mate ina miƙa maka ƙoƙon. Muna kaiwa babbar kwana sai dusar ƙanƙara ta farko ta fara sauka a kan jajayen ganyen. Na ji kamar na shiga cikin ɗaya daga littattafaina.

Ka tsayar da mota, ka je gindin wata bishiya, ka gyara wuyan riga, ka tsaya ƙyam.

"Amarya, ɗauke ni a nan."

"Baba, ɗan matsa gefe tukuna, kana tare mini bishiyar. Hasken nan ba zai jira ba. In muna dawowa zan ɗauke ka."

Ka yi dariya ka ce, "To, tsoho ya ɓata hoto." Ka matsa. Ka riƙe mini rigar sanyi da fulas, ina ta ɗaukar ganye da duwatsu da gajimare. Da muka juyo, dusar ta yi ƙarfi, ka durƙusa kana ɗaura wa tayoyi sarƙa saboda santsi, kana haki. Muka wuce bishiyar ba mu tsaya ba. Ni na manta. Kai kuma ba ka tuna mini ba.

Bayan jana'iza, 'yarka Nélida ta ce mai yin allon kabari yana jiran hoton da zai manna a jikinsa. Kowa ya juyo gare ni, tunda an san mun hau dutse tare. Na buɗe kyamara a gabansu, muka bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ganye, dusa, hanya, ganye. Babu kai ko a guda. Lisandro ya ce, "Kin san Baba, ba ya son hoto." Na rufe kyamarar. Lisandro, ga gaskiyar yau: Baba ya roƙa, ni na ce ya matsa. Daga baya muka gano likita ya riga ya gaya masa halin da yake ciki, shi ya sa ya yi ado.

Baba, hoton lasisin tuƙinka aka sa, wanda aka tilasta maka cire hula, ka ɗaure fuska. Ba wanda ya taɓa ganin ka haka a garin nan. Jiya wani tsohon abokinka ya zo da furanni, bai gane hoton ba, ya wuce kabarinka har sai da na kira shi.

Ka yafe mini, Baba. Ubangiji ya ji ƙanka, ya haskaka makwancinka, ya karɓe ka da fuskarka ta gaskiya, mai dariya. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijina Lisandro, da Nélida da 'ya'yanta, da dukan dangin Calfunao. Allah ya ba ku haƙurin rashinsa, ya ba ku haƙuri da ni.