Rabin Allon da Ba a Goge Ba

Ranar Talata bayan la'asar, Imrana yana zaune a benci a shagon abokinsa Terseer mai gyaran waya, yana cin gyaɗa, sai ƙanwarsa ta turo masa hoto. Ba ta rubuta komai a ƙasa ba. Ya buɗe, ya ga allon ajinsa. Kafin ya karanta kalma ɗaya ya gane hannunsa ne, domin duk makarantar babu mai karkata layi sama kamarsa. A kan hoton akwai alamar da ke nuna an tura shi sau da yawa. Gyaɗar da ke bakinsa ya daɗe yana taunawa bai haɗiye ba.

A unguwar Akurba ta Lafia aka haifi Imrana. Mahaifinsa gishiri yake sarowa daga Awe yana kai wa kasuwa, ya rasu Imrana yana aji uku. Mahaifiyarsa Iyatu ce ta riƙe su da sana'ar man gyaɗa da ƙuliƙuli. Ya karanta lissafi a jami'a, ya yi hidimar ƙasa, ya dawo Lafia ya shekara biyu yana kai takardu ofis-ofis, kafin Hajiya Batulu ta ɗauke shi malami a makarantarta mai ɗaki shida. Ba mai hayaniya ba ne. Ba ya zaman majalisa, ba ya kallon ƙwallo. Abu ɗaya ne yake sa shi ɗaga murya, shi ne wani katun ɗin Japan, fim ɗin zane, da Terseer ya fara tura masa tun suna sakandare.

A cikin katun ɗin sama hawa-hawa ce. Mutane suna ƙasa. Bisa su akwai masu tsaron duwatsu da koguna, sai wasu bakwai da labarin yake kira alloli, kowa da abin da yake riƙe da shi, wannan ruwan sama, wancan barci. Can ƙololuwa wata tsohuwa ce zaune tana saƙa kwanakin duniya da zare. Ba a taɓa nuna ta ta ɗaga wa kowa hannu ba, amma duk wanda ya shigo wurinta sai ya durƙusa. Jarumin labarin kuwa mutum ne, mai tuƙa kwale-kwale.

Shekara huɗu Imrana da Terseer suka yi suna gardama ɗaya.

"Ticha, ka duba mana," in ji Terseer, kansa a cikin wayar wani. "Mai kwale-kwale ya doke mai tsaron dutse. Mai tsaron dutse ya doke na ruwan sama. To wane ya rage? Wannan tsohuwa ko sanda bai riƙe ba."

"Ba ta riƙe ba ake cewa," in ji Imrana. "Mace ce."

"Abeg bar ni da Hausan makaranta. Ya iya faɗa ko bai iya ba?"

Imrana yakan ce ƙarfi daban, matsayi daban. Mai kwale-kwale zai iya kayar da kowa a fili, amma ranar da tsohuwar ta ajiye zare babu gobe da zai yi faɗan a cikinta. Terseer yakan ce wannan maganar mutanen da ba su iya dambe ba ce.

'Yan aji biyu na ƙaramar sakandare duk sun san katun ɗin. Abin da ba su sani ba shi ne alamar "ya fi" da alamar "bai kai ba". Mako biyu Imrana yana fama, suna juya bakin alamar inda suka ga dama. Ranar Talatar da safe sai ya ajiye littafi, ya zana matakala a allo, ya jera mutanen katun ɗin da Turanci, daga mai kwale-kwale har tsohuwa. A gefe ya rubuta layi uku. Layi na uku yana cewa allan ruwan sama bai kai mai kwale-kwale ba. Ajin ya kaure. Yaran da ba su taɓa ɗaga hannu ba suka miƙe tsaye. Ya tambaye su, idan haka ne me ya sa mai kwale-kwale yake durƙusa wa tsohuwa, kuma alamar lissafi za ta iya auna wannan? Aka kaɗa ƙararrawa ba su gama ba. Ya ce gobe za a ci gaba.

Ginin makarantar na mutane biyu ne. Da safe boko, daga ƙarfe huɗu Islamiyya. Allo ɗaya suke amfani da shi, kuma akwai tsarin da aka daɗe a kai ba tare da an rubuta shi ko'ina ba: malamin da bai gama darasi ba yakan ja layi a tsakiya, ya rubuta "kada a goge" a rabinsa, na bayansa ya yi aiki a ɗaya rabin. Imrana ya sha tarar da baitoci na Larabci da safe ya bar su yadda suke. Don haka ya ja layi, ya rubuta "kada a goge", ya kaɗe alli a hannunsa ya tafi.

Malam Ya'akubu, mai koyar da Islamiyya a ajin, dattijo ne da ba ya karanta Turanci. Ya ga umarnin da Hausa, ya girmama shi. A rabin dama ya rubuta darasin ranar, wanda ya faɗo kan tauhidi, cewa Allah ɗaya ne ba Shi da abokin tarayya. Wani uba da ya kawo 'yarsa a makare ya leƙa ta taga, shi kuwa yana karanta Turanci. Ya ɗauki hoton allon duka, hagu da dama.

A shagon, Terseer ya karɓi wayar Imrana ya duba hoton, ya yi dariya, sannan ya dubi fuskar Imrana ya daina.

"Katun ne fa. Kowa ya san katun ne."

"Babu katun a hoton nan. Alli ne da allo."

Hajiya Batulu ta kira shi kafin ya kai gida. Muryarta ba ta da fushi, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan.

"Malam Imrana, kai ka rubuta?"

"Ni ne, Hajiya. Darasin lissafi ne, wallahi. Wani fim ne na yara da..."

"Na yarda. Ni na ɗauke ka aiki, na san ka. Amma iyaye goma sha ɗaya sun kira ni, babu wanda ya tambaye ni fim. Cewa suke ana koya wa 'ya'yansu alloli bakwai, har an hana gogewa. Gobe kada ka zo."

"Hajiya, in zo in yi musu bayani."

"Ka ce musu me? Wata tsohuwa tana saƙa kwanaki? Ka zauna a gida."

Iyatu tana tsame ƙuliƙuli daga mai lokacin da ya shigo, kuma ta riga ta ji. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa.

"Kai, duk karatun nan, lemo da mangwaro sun ƙare ne a duniya? Da su aka koya mana ƙirga."

Ta aika aka kira yayanta, Kawu Muntaka, mai shagon yadi a kasuwa, wanda ake jin maganarsa a masallacin unguwa. Kawu ya zauna ya sa Imrana ya yi masa bayani tun daga farko. Ya saurari labarin matakala da bakwai ɗin nan, bai katse shi ba. Da Imrana ya kai kan bambancin ƙarfi da matsayi, yana ƙara ɗumi kamar a shagon Terseer, sai Kawu ya ɗaga hannu.

"Tsaya nan. Kai ka yarda da su?"

"Subhanallahi, Kawu. Zane ne. Wani ne ya zauna ya zana su."

"To wannan kaɗai zan faɗa. Sauran ka riƙe abinka."

Kawu ya ce kwamitin iyaye da limamin unguwa za su zauna ranar Alhamis bayan azahar. Idan suka ɗauka kuskure ne, za a nemi ya ba da haƙuri a gaban iyaye, wataƙila ya koma aiki. Idan suka ɗauka izgili ne ga addini, aikin shi ne ƙaramin abin da zai rasa. Zaman Akurba ma sai an duba. Ya ƙara da cewa wasu samari sun tsaya a ƙofar makarantar suna tambayar gidan malamin lissafi, mai gadi ya ce bai sani ba.

Laraba da sassafe aka sa shi a mota zuwa Obi, gidan gwaggonsa. A hanya Malam Ya'akubu ya kira shi, karon farko da suka taɓa magana a waya. Dattijon ya ce da ya san abin da ke rubuce da ya goge da hannun rigarsa, magana ta mutu a nan. Ya ce zai halarci zaman, zai shaida cewa shekara guda suna raba allo, yaron bai taɓa taɓa masa harafi ɗaya ba. Imrana ya yi godiya. Bai san ko wannan shaida za ta yi nauyi ba.

A Obi bai fita ba. Ya goge katun ɗin daga wayarsa, duka kashi ɗari da ashirin, ko da yake babu wanda ya ce ya goge. Terseer ya turo saƙo yana tambaya ko ya zo zaman ya nuna musu fim ɗin a babbar waya. Imrana ya ce kada ya kuskura.

Yau Alhamis. An shiga zaman tun ƙarfe biyu da rabi. Kawu Muntaka ya ce zai kira da zarar an tashi. An yi la'asar a Obi, Imrana yana zaune a tsakar gidan gwaggonsa da waya a hannu, Kawu bai kira ba tukuna.